Ɗaki ɗaya da kayan rusau a Damagaram: me za a ɗauka, me za a bari a juji?

Lawali Garin Malam:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tun bayan daminar 2024 da ta kwantar da gidaje masu yawa a garin nan, har da tsohon masallacin Birni, tambayar nan ba ta daina yawo ba. Mutum yana da fili, yana son ɗaki ɗaya mai mita 4 a kan 4 da makewayi, amma kuɗin sabon kaya babu. Ga ƙasar tsohon gini, ga guntayen birki, tsohon kwano, azara, ga kuma bidiyon gidan kwalba da na taya da ake ta turo mana. Maginan cikinmu, wanne ke shiga gini, wanne ne ɓata lokaci? Lissafi muke so, ba kirari ba.

Baba Ilu Magini:
Wa alaikumus salam. Ɗana, fara da abin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Ƙasar katangar da ta faɗi ita ce kayan rusau na farko, kuma ta fi sabuwar ƙasar tabki sauƙin aiki don an taɓa kwaɓa ta. Amma ba duka ake kwashewa ba. Santi 30 zuwa 40 na gindin tsohuwar katanga a bar shi, nan ne gishiri ke taruwa, za ka gan shi fari-fari yana marmashewa in ka murza. Birkin da aka buga da shi yana tsotsar laima, yaɓe kuma ba ya kama shi. Haka ƙasar kusa da salga da ta turken dabbobi. Sauran a farfashe ta, a tsince leda da tsumma da fasassun kwalabe, a jiƙa ta kwana biyu zuwa uku. Ciyawar da ke cikinta ta riga ta mutu, sai an zuba sabuwa ko ƙaiƙayin hatsi. In ƙasar ta yi rairayi da yawa, a kowane kashi uku a ƙara kashi ɗaya na laka.

Hadiza Injiniya:
Baba ya faɗi gaskiya. In ƙara gwaji biyu da ba su cin ko dala. Na farko: a zuba ƙasar cikin kwalba mai haske zuwa rabi, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye ta kwana. Tsakuwa da yashi za su kwanta a ƙasa, laka ta zauna a sama. Don birkin ƙasa ana son laka ta kai kamar kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu na tsayin abin da ya kwanta. Ta gaza haka, birki ya yi ta zuba. Ta wuce sosai, ya tsage wurin bushewa. Na biyu: a buga birki goma na gwaji, su bushe sarai, a ɗaga ɗaya daidai ƙugu a sake shi kan ƙasa mai tauri. In ya rabu biyu ko gefe ya ɓantare, ya ci. In ya watse kamar garin rogo, kwaɓin bai yi ba, a gyara kafin a buga dubu.

Ga lissafin ɗakin da Malam Lawali ya ambata. Kewaye mita 16, tsayi mita 3, ya ba da murabba'in mita 48. A cire ƙofa da taga, saura kamar 45. Birki mai santi 40 a 20 a 12, in an jera shi a kwance ta faɗi don katanga ta yi kaurin santi 40, murabba'in mita ɗaya na cin kusan 32. Ke nan wajen 1,450, a buga 1,600 saboda masu karyewa da kusurwoyi.

Mamman Sani Zango:
Hajiya Hadiza, kin bar babban abu. Ruwa. A garin nan ruwa shi ne siminti na biyu. Birki 1,600 da ƙasar jeri sun kusa mita kubik 20, kowane kubik kuma yana shan lita 200 zuwa 300 gwargwadon bushewar ƙasar. A ce tano 20 zuwa 30 na lita 200. Wanda ya tashi bugun birki a watan Afrilu da ruwan bido, kuɗin da ya gudu daga siminti zai biya shi ga mai kura. Daga Oktoba zuwa Janairu ake wannan aiki, tabkuna da sauran ruwa, rana ba ta yi zafin da za ta tsaga birki ba. Birki ya yi kwana uku a kwance, a tayar da shi ta gefe, sati biyu kafin ya hau katanga.

Hadiza Injiniya:
Na karɓi gyara, Yaya Mamman Sani. Shi ya sa ma wani lokaci ya fi araha a kai tsohuwar ƙasar bakin tabki a buga a can a ɗauko birki, maimakon a yi ta jigilar ruwa.

Abdu Ɗalibi:
Ni dai iyayena ina ganin kuna raina gidan kwalba. An yi shi a Yelwa kusa da Kaduna tun 2011, ƙungiyar DARE ce ta yi, dabarar kuma ta wani Bajamushe ce, Andreas Froese. Kwalbar roba cike da yashi, a jera, a ɗaure wuyansu da igiya. Ba siminti mai yawa, ba zafi, kuma an tsabtace gari.

Mamman Sani Zango:
Ƙanena, ba raini ba ne. Gidan yana tsayuwa, ba a musu. Tambayar ita ce ina kwalbar take? A Damagaram robar ruwa ta lita ɗaya da rabi ba shara ba ce. Mai zoɓo na nemanta, mai kunun aya na nemanta, mai man gyaɗa, mai fura da nono, kowa. Yara na tsinta su sayar. To yi lissafi: faɗin kwalbar kamar santi 9 ne, da ƙasar tsakani ya zama 11 zuwa 12, murabba'in mita na cin 70 zuwa 80. Ɗakinmu na son kusan 3,400. Ko a dala biyar-biyar ka same su, jika 85 ke nan, ba ka ɗura yashi ba tukuna. Yashin kansa kubik 5 ne, tan 8. Kuma kowace kwalba sai an ɗura ana daddagewa da sanda har ta daina lotsawa in an taka. Minti biyar kowace ɗaya ya haura awa 280.

Abdu Ɗalibi:
To in makaranta ko masallaci suka yi gayyar tarawa fa?

Hadiza Injiniya:
In an samu kyauta, sai a kiyaye abu huɗu. Yashi ya zama busasshe kuma tankaɗaɗɗe, don jiƙaƙƙe yana raguwa in ya bushe, kwalba ta yi sako-sako, katanga ta zauna. Kwalaben su zama girma ɗaya, in ba haka ba layi ba zai miƙe ba. A ɗaure kowane wuya da na kusa da shi sama da ƙasa kamar raga. Sannan a rufe su da yaɓe gaba da baya, domin rana tana cin roba, bayan 'yan shekaru murfi ya fara farfashewa yashi ya tsiyaye. Wani abin da bidiyo ba ya nunawa: kwalba santsi gare ta, ƙasa ba ta manne mata, saboda haka kusurwa mai lungu huɗu tana buɗewa. Shi ya sa gidajen Yelwa zagayayyu ne. Mai son ɗaki murabba'i sai ya zuba ginshiƙin kankare a kowace kusurwa da ɗamara a sama, sai ga siminti da ƙarfen da aka guda sun dawo ta taga. A ganina a nan kwalba ta fi dacewa da dakali, ko gajeriyar katangar lambu.

Baba Ilu Magini:
Ƙasar da za ka liƙa kwalba 3,400 da ita, da ka ƙara kaɗan ka buga birki ka huta.

Habu Kafinta:
Mu koma rufi, don nan kuɗin yake. Tsohon kwano ana duba shi ne da rana: mutum biyu su ɗaga shi, na uku ya tsaya ƙarƙashi ya ƙirga hasken da ke ratsowa. Ramin ƙusa a kan tudun kwano ba matsala ba ne, a sake buga ƙusa a wurin ko a toshe da kwalta da ƙyalle. Amma tsatsa a cikin kwarin, inda ruwa ke bi, wannan ba ya gyaruwa. A danna da babban yatsa, in ya lotsa kamar takarda a mai da shi shinge. Bakin da ya ci tsatsa a yanke santi 10 zuwa 15 da almakashin kwano.

Wurin ɗorawa: a haɗa kan kwano da kwano ya hau santi 20, gefe kuma tudu ɗaya da rabi, ba ɗaya ba. Tsohon kwano ba ya kwanciya daidai kamar sabo, shi ya sa ba a yi masa rowar hawa. Gangara kada ta gaza santi 15 a kowace mita, wato ɗakin mita 4 katangar baya ta fi ta gaba da santi 60. Mutane na yin 20 ko 30 don tsimin birki, sai ruwa ya kwanta ya koma ta mahaɗa. Kuma kada a haɗa kwano iri biyu masu tudu daban a layi ɗaya, ba za su taɓa rungumar juna ba. Ƙusa da zobenta na roba a saya sabbi, ba su da tsada.

Lawali Garin Malam:
Malam Habu, iskar farkon damina fa? Ita ce ke yaye rufi duk shekara.

Habu Kafinta:
Ba kwano ne ke tashi shi kaɗai ba, da katakonsa yake tafiya, don an ɗora ne kawai an liƙe da ƙasa. Tun ana gini, saura layi biyar a kai sama, a binne ƙarfe na 6, wato mai kaurin milimita 6, a cikin katanga, a lanƙwasa gindinsa a kan guntun ƙarfe ko itace, a bar kansa ya fito. Kowane katako ya samu nasa, a naɗe shi sau biyu. Nauyin birki layi biyar ne zai riƙe rufin, ba tayoyi da duwatsun da ake jibgawa a sama ba. Waɗannan suna tara ruwa ne su haifi tsatsa da sauro. Gefen gabas, inda hadari ke tasowa, a ɗaga katanga ta rufe bakin kwano don iska ta rasa wurin shiga.

Sani Mai Walda:
Tunda an zo kan ƙarfe. Tsohon ƙarfen da aka ciro daga kankare kashi biyu ne. Wanda ya fito a miƙe ko da ɗan lanƙwasa, tsatsarsa ta sama ce da burushi ke cirewa, ana aiki da shi. Wanda aka murɗe da guduma aka miƙe, ko aka gasa shi a wuta don ya yi laushi, ya riga ya gaji, wurin lanƙwasar yana iya tsinkewa ba sanarwa. Irin wannan ya tafi ragar taga ko ɗaurin rufi. Dal, wato rufin kankare, da ginshiƙi da duk abin da mutum zai kwana a ƙarƙashinsa, sabon ƙarfe. In tsatsa tana ɓarewa kamar ɓawon albasa a auna kaurin, za a tarar na 10 ya koma na 8.

Tsohon IPN kuwa, wato dogon ƙarfen nan mai kauri da ake gittawa ya ɗauki rufi, riba ne in an samu miƙaƙƙe. A ja igiya daga kai zuwa kai a ga ko ya yi ciki. A duba kawunan da suka zauna cikin katanga, nan ne yake ruɓewa. Wanda aka haɗa guntu biyu da walda a tsakiya kada ya ɗauki rufin ƙasa.

Ƙofa kuma, tano ɗaya na lita 200 in an cire kai da gindi aka buɗe shi yana ba da faranti kamar santi 180 a 88. Ya isa ƙofar makewayi, biyu su yi ƙofar gida a kan firam na ƙarfe. Amma ku ji da kyau: tanon da ya taɓa ɗaukar fetur ko wani mai kama wuta ba a kusantarsa da walda ko injin yanka, ko ya shekara a buɗe. Tururin da ya rage a ciki ne ke fashewa. A cika shi da ruwa har baki, a sare kan da kurfi da guduma. Tanon maganin ƙwari na gona kuwa ko kyauta aka ba ka ka bar shi.

Hajiya Zuwaira:
Allah ya saka, Malam Sani. A ƙara da wannan don mata da yara ne ke wuni a gida. Tsofaffin gine-ginen ma'aikatu wasunsu na da rufi ko silin mai kama da siminti, toka-toka, mara nauyin kankare. Da yawansu asbestos ne. Ƙurarsa in ta shiga huhu ba ta fita, cutar kuma sai bayan shekaru masu yawa take bayyana. Ba a yanka shi, ba a huda shi, ba a farfasa shi a yi cikon daɓe. Haka tsohuwar ƙofa mai fenti rututu, tsohon fenti na iya ƙunsar dalma. Kada a ƙona shi ko a goge shi a bushe a tsakar gida inda yara ke rarrafe. A jiƙa, a kankare a waje, a kwashe.

Baba Ilu Magini:
Kafinta ya yi ta kwano kamar ba a taɓa rufin soro ba. Ɗakin kwano ba silin a watan Mayu tanda ce. Tsohuwar azarar giginya in ta yi shekara 50 a gini ba ruwa ya taɓa ta, ta fi sabon katakon kasuwa, gara ba ta cinta da sauƙi. Sabuwa kuma yanzu sai da takardar ma'aikatan gandun daji, ga tsada. Gwajinta: a ƙwanƙwasa da guduma, mai lafiya tana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓiya tana yin bif. A soka wuƙa a kawuna biyu. In kai ya ruɓe a yanke, sai dai a tuna ta gajarce. Azara ɗaya ba a ba ta fiye da mita 2 ta tsallaka da nauyin ƙasa a kanta. Ɗakin mita 4 sai an raba shi da IPN a tsakiya, ko a yi baka irin ta iyayenmu, ko a fara jera gajeru a kusurwoyi ana rage faɗin. Kowane kai ya shiga katanga santi 25 aƙalla. A jera su kusa da kusa, a shimfiɗa asabari ko zana, sannan ƙasa.

Hadiza Injiniya:
Baba, a nan ne nake jin tsoro. Ƙasar rufi mai kaurin santi 20 a kan murabba'in mita 16 ta haura tan 5 tana bushe. Ta sha ruwa ta ƙara. Kuma al'adar da ake yi, kowace shekara a ƙara yaɓe ba a kankare tsoho ba, bayan shekara goma rufin ya kai santi 35 a kan azarar da aka yi wa lissafin 20. Yawancin rufin da ke faɗowa a Agusta haka ne, ko indararo ya toshe ruwa ya kwana a sama. Da tsohuwar azara ni ba zan wuce santi 15 ba: santi 8 na ƙasa, leda mai kauri a shimfiɗe ta hau gefen katanga, sannan santi 7 a kanta don rana kada ta ga ledar. Indararo biyu, ba ɗaya ba, su fito santi 50 daga katanga, inda ruwan ke sauka a jera duwatsu.

Baba Ilu Magini:
Ledar ta zama guda, 'yata, ko a haɗa ta da hawa mai yawa. Wanda ya jera buhunan siminti da guntayen leda ya yi wa ruwa tarko ne, ya shiga ba ya fita, azara ta ruɓe ba a gani. Da can laso ake yi, katsin marina da gashin jima da dafara, ya yi shekaru ruwa na zamewa. Yanzu marinar ma nawa ta rage. Makuba dai har yanzu ana samu in an nemi ɓawon ɗorawa.

Mamman Sani Zango:
Akwai hanyar da ba azara ba kwano: gini ba katako, wanda ƙungiyar Development Workshop ta fara koyarwa a ƙasar nan tun 1980, rufin ƙubba da na baka da ƙananan birkin ƙasa. Sai dai ba aikin kallon bidiyo ba ne. Faɗin ɗaki a irin bakan da ake yi a Burkina Faso ba ya wuce mita 3 da santi 30, katangun da ke ɗauke da shi santi 60, don rufin yana tura su waje. Ba magini da ya koya a hannu, kada a soma. Kuma birkin bakan ba a yinsa da tsohuwar ƙasa, sai laka mai kyau.

Abdu Ɗalibi:
Tayoyi fa? A Amurka Michael Reynolds ya yi gidaje da su a Niyu Meziko tun shekarun 1970.

Sani Mai Walda:
Can fili ne har ya ishe su. Tayar ƙaramar mota faɗinta ya kai santi 60, kafin yaɓe. Kowace ɗaya sai an daddage ƙasa a ciki da babbar guduma har ta kumbura, mutum biyu su wuni ba su yi ashirin ba. In wuta ta kama ta ba ta mutuwa. Kuma ita ma a nan tana da masu ita, masu takalma da masu guga. Inda take da amfani shi ne bakin kwari inda ruwa ke cin ƙasa: layi uku ko huɗu, kowane layi ya ja baya kaɗan, a cika da marmara.

Hadiza Injiniya:
Mun yi ta sama mun manta ƙasa, alhali gidajen da suka faɗi ta gindi ruwa ya fara cinsu. Allah ya hore wa garin nan dutse, ga kuma guntayen kankare da birkin siminti na rusau. A haƙa harsashi zurfin santi 50 zuwa 60, ko har a samu ƙasa mai tauri, faɗi santi 60 don katangar 40. Manyan duwatsu a ƙasa, a cuccusa ƙanana a tsakani, kada mahaɗa ta hau mahaɗa. Cikin rami ana iya jerawa da ƙasa in wurin ba ya riƙe ruwa. Amma abin da ya fito sama, santi 40 daga hanya, da siminti za a jera: buhu ɗaya, baro uku na yashi. A ɗakin nan a tanadi buhu 6 zuwa 8. In akwai inda ba a tsimi, nan ne. A saman wannan a shafa kwalta ko a shimfiɗa leda mai kauri kafin birkin ƙasa na farko, don laima kada ta hau.

A auna santi 40 ɗin daga tsakiyar hanya, ba daga cikin fili ba. Titunan unguwa suna tashi kowace shekara da yashi da shara, gidan da aka gina daidai da hanya bayan shekara goma rami ne.

Guntayen birkin siminti su tafi cikon daɓe: a farfasa kada su wuce ƙwan kaza, a zuba santi 10, a jiƙa, a daddage, a sake. Farfasasshen kankare yana iya maye tsakuwa a daɓen ƙasa, sai dai a jiƙa shi tun daren jiya, don yana shanye ruwan kwaɓi siminti ya ƙone.

Lawali Garin Malam:
To yaɓen waje? Kowa na son ya shafa siminti a kan ƙasa ya huta da yaɓen shekara-shekara.

Baba Ilu Magini:
Ya huta shekara biyu. Siminti da ƙasa ba sa numfashi tare. Ya tsage, ruwa ya shiga baya, ƙasa ta narke a ɓoye, ranar da ya ɓallo sai ka ga rami. In dole sai an yi, gefen gabas kawai da ruwa ke duka: a bar katanga ta ci damina ɗaya ta gama zama, a kankare mahaɗar birki ta yi zurfin yatsa, a kafa ragar kaza da dogayen ƙusoshi duk santi 30, ko a daddasa fasassun duwatsu tun ana gini su fito kaɗan. Kwaɓin ya zama mai laushi, buhu ɗaya baro huɗu zuwa biyar. Mai ƙarfi ya fi saurin ɓallewa. Sauran gefe uku yaɓen ƙasa da ƙaiƙayi da kashin shanu da ya kwana uku a jiƙe.

Mamman Sani Zango:
Mai ɗan hali yana iya bin tsakiya: birkin matsi. Ƙasar marmara a tankaɗe, a sa siminti kashi 6 cikin 100, ruwa kaɗan yadda in ka dunƙula ba ta jiƙa hannu, a matse a injin hannu. Buhu ɗaya na ba da kamar 115 masu santi 29.5 a 14 a 9, murabba'in mita na katanga mai kaurin santi 14 na cin 33. Ɗakinmu kusan 1,500, buhu 13. Da irinsa mai zanen gine-gine Mariam Issoufou ta yi gidajen Niamey 2000 da masallacin Dandaji. Abin da ke kashe shi: a shanya shi a rana kamar birkin ƙasa. A'a, sai an lulluɓe shi da leda ana yayyafi sati biyu, ya cika sati huɗu kafin gini. Kuma tsohuwar ƙasa mai ciyawa ko taki ba ta shiga, siminti ba ya kama ta.

Hajiya Zuwaira:
Ba wanda ya taɓo baƙar leda, ga ta ta cika magudanai da cikin awaki duk da dokar hana ta ta 2014. Ana yin birkin daɓe da ita, ko ba haka ba?

Sani Mai Walda:
Ana yi, Hajiya. Awo ɗaya na leda, uku na yashi, a sikeli ba a kwano ba. Ledar fiya wata da baƙar leda su ne ke narkewa da kyau. A wanke, a shanya. A narka a rabin tano da wuta marar ƙarfi, a zuba yashi busasshe da aka ɗumama, a juya har ya zama kamar tuwo, a zuba a ma'aunin ƙarfe da aka shafa wa mai, a danne. Yashi mai laima yana tofar da narkakkiyar roba a fuska. In hayaƙi ya yi baƙi ko wuta ta kama ciki, robar ta ƙone, birkin zai yi gautsi. Tiyon PVC da tsofaffin takalman roba kada su shiga, hayaƙinsu guba ne. Kwalbar ruwa ma ba ta narkewa a wannan zafin. Sai dai duba yawan: birki mai 20 a 10 a 6 na cin rabin kilo na leda, murabba'in mita na son 50, kilo 25 ke nan. Bakin makewayi da wurin wanke-wanke ya isa. Bangon ɗakin kwana a'a, saboda gobara. A yi aikin a bayan gari, iska na kaɗawa daga bayanka.

Habu Kafinta:
Katakon rusau: a cire ƙusoshi duka, a duba ƙananan ramuka masu zubo gari, wannan ƙwaro na ciki. Kan da zai shiga katanga a shafa masa baƙin man mota sau biyu a bar shi ya sha. Kai kawai, ba duk jikin da ke cikin ɗaki ba, kuma ragowar man kada a zubar kusa da rijiya. Katakon falet, wanda ake ɗora kaya a kai wurin lodi, yana yin taga da silin, ba ya yin abin ɗaukar kwano, gajere ne kuma mai laushi. Silin mafi araha zana ce ko tabarmar kaba a ƙarƙashin kwano da tazarar santi 30, a bar ƙananan kafofi biyu a katanga gaba da baya don zafi ya fita, a sa musu raga saboda jemage.

Alhaji Mutari:
Ku yi haƙuri da dattijo ya sa baki a abin da ba na gini ba. Kangon gado yana da masu shi ko da ya zama tudu. Azara da ƙofa da ƙasar kansu dukiyar magada ce, a yi ciniki da wakilinsu gaban shaidu, mai unguwa ya sani. Ƙofar ƙarfe ko IPN da yaro ya kawo da dare da rabin kuɗi, ka san amsar. Sannan gidajen Birni masu zane a fuska, tun 2006 unguwar da fadar Sarki suna cikin jerin wuraren da ƙasa ta gabatar wa UNESCO. Kada neman azara ya sa a ƙarasa rushe wanda ke gyaruwa. Kuma filin da aka ce maka da can tabki ne, ko harsashin dutse ba zai cece shi ba.

Lawali Garin Malam:
Mun gode, Alhaji. Abin da na tsinta na saye sabo: siminti buhu 8, ƙarfe na 6, ƙusa, leda mai kauri, kwalta. Saura kan ƙofa da taga, me zai ɗauki birkin da ke sama?

Baba Ilu Magini:
Guntayen azarar nan da aka yanke wa kai. Ƙofar santi 80 tana son mai santi 140, ta hau 30 kowane gefe. A katangar 40 a jera huɗu ko biyar gefe da gefe, a ɗaure su da waya, ɓangaren baƙin mai tauri ya kalli ƙasa. Firam kuma kada a matse shi da su, a bar tazarar yatsa biyu a sama, don sabuwar katanga tana zama a shekarar farko, in ba tazara ƙofa ta daina rufuwa.

Hadiza Injiniya:
Kuma taga kada ta matso kusurwa ƙasa da mita ɗaya. Malam Lawali, turo mana faɗin filin da inda ruwan hanya ke bi, a ga gefen da ƙofa za ta kalla.